Fitilu na dusashewa in esi ya tashi: ta ina zan fara bincike?

Wani mai gida ya turo tambaya kamar haka: "Duk lokacin da esi ko injin jan ruwa ya tashi a gidana sai fitilu su dusashe, fanka ta rage gudu, wani lokacin esin ya yi ta gurnani ya kasa tashi. Na sayi multimita na auna a soket, na ga bolt 228, ka ga ke nan wutar lafiya take. Maƙwabcina kuma bai taɓa kokawa ba. An ba ni shawarar in sayi babbar sitabilaiza. Shin ita ce maganin abin?"

Malam, ka dakata da maganar sitabilaiza tukuna. Wannan 228 da ka gani gaskiya ne, amma ka aune ta ne a lokacin da babu abin da ke jan wuta a layin, kuma awon da aka yi ba lodi kusan ba ya faɗa maka komai game da lafiyar wayarin. Multimita, wato na'urar auna wuta, ba ta cin wutar a-zo-a-gani. Ko da sili ɗaya tak ya rage a cikin wayar, sauran duk sun ƙone, za ta nuna maka 228 ɗin nan cif. Faɗuwar boltej ba ta fitowa sai karan, wato wutar da kaya ke ja wadda ake aunawa da amfiya, na gudana a waya, don haka duk binciken da za mu yi, da lodi a kunne za mu yi shi.

Kowace waya, kowane haɗi, kowane fis da makunni yana ɗan turje wa wutar da ke bi ta cikinsa, kuma yana cire la'adarsa kafin ya miƙa saura gaba. Ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ita ce ke faɗin yawan la'adar: boltej ɗin da ya ɓata daidai yake da karan da ke gudana sau turjiyar hanyar. In karan sifili ne, asara sifili ce. In haɗi ɗaya ya saki har turjiyarsa ta kai rabin om (om shi ne ma'aunin turjiya), sannan amfiya 20 suka bi ta cikinsa, bolt 10 sun tafi a wannan wuri kaɗai. Kuma ba ɓacewa suke yi a iska ba, zafi suke zama. Bolt 10 sau amfiya 20 wat 200 ke nan, a kan ɗan sukurun da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a cikin akwatin roba, wataƙila a bayan labule. Wannan ne ya sa na fi damuwa da tambayarka fiye da yadda kai ka damu. Kai esinka kake ji, ni gobara nake hange.

Kafin ka auna komai, akwai alama ɗaya da nake so ka duba yau da daddare. In esi ya tashi, shin dukkan fitilu ne ke dusashewa, ko kuwa wasu na dusashewa wasu na ƙara haske? In har akwai kwan da ke ƙara haske, ko fanka da ke ƙara gudu a wani ɗaki, to ka kashe babban makunnin gidan nan take, kada ka jira gari ya waye. Wannan alamar nutural ce, wato wayar da wuta ke bi ta koma, da ta saki ko take gab da tsinkewa. A gidan da aka shigar wa layi uku, tsakanin kowane layi da nutural akwai bolt 230, tsakanin layi da layi kuma 400. Nutural ce ke riƙe kowane layi a kan 230 ɗinsa. In ta saki, layin da ke ɗauke da lodi mai nauyi sai ya faɗi, wanda ke da ɗan lodi kuma ya haura, yana iya doshi 400. Talabijin da caja da firij ba sa jure wannan ko na minti ɗaya. Gidan da ke kan layi ɗaya ma bai tsira ba in nutural ɗin da ta saki a kan falwaya take ko a taransifoma, domin da maƙwabta ake raba ta. Haka abin yake a ƙasashe irin su Amurka, inda gida ke samun layi biyu masu bolt 120 da nutural a tsakani: ɗaya ya faɗi, ɗaya ya haura wajen 240. Haka nan in kana jin ƙauri ko wani ƙarni kamar na kifi kusa da akwatin wuta, ko ƙarar cir-cir, ko ka ga murfin soket ya yi baƙi-baƙi, wannan ya wuce bincike, ka kashe ka kira mai wayarin.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai mu shiga awo. Ka fara da sanin abin da ake ɗauka lafiya. A ƙasashen da ke amfani da 230, ƙa'idar IEC 60038 ta yarda wutar ta yi sama ko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari a inda ta shigo gida, wato daga 207 zuwa 253. A cikin gida kuma, dokar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, wadda ƙasashe da yawa ke koyi da ita, ta ba da shawarar kada asarar da ke tsakanin mashigar wuta da inda ake amfani da ita ta wuce kashi 3 a layin fitilu, kashi 5 a sauran. A kan 230, bolt 6.9 ke nan da bolt 11.5. Ka riƙe 11.5 ɗin nan a ranka.

Kana bukatar lodi wanda ka san nauyinsa kuma ba ya canjawa. Esi bai dace da wannan ba, domin jansa na hawa da sauka. Butar dafa ruwa ta lantarki ko hita mai wat 2000 ita ta fi, tana jan kusan amfiya 8.7 ba tare da wasa ba. Ka duba multimitarka: a juya ta kan awon boltej na AC, wato irin wutar da ke soket, jan tsinken yana ramin bolt ba ramin amfiya ba, robar tsinkunan ba ta tsage ba, kuma a jikinta an rubuta CAT III, alamar cewa an yi ta don awon wayarin gini. Mutane da yawa sun ƙona hannu saboda sun manta tsinke a ramin amfiya suka cusa a soket. Hannu a bushe, takalmi a ƙafa. Awon soket kai ma za ka iya. Duk abin da ke bukatar cire murfin akwatin rarraba wuta na mai wayarin ne, abin da ke bayan hatimin mitar kamfani kuma na kamfanin wuta ne, kada kowa ya taɓa.

Ga yadda za ka yi. Ka kashe manyan kaya duka. Ka je soket ɗin da esin ke amfani da shi, ko mafi kusa da shi a layi ɗaya, ka auna ka rubuta. Ka kunna butar a wannan wuri, ka sake aunawa tana aiki, ka rubuta. Sannan ka bar butar a nan tana ci, ka je wani soket da ke kan wata bireka daban, wanda babu komai a kansa, ka auna shi butar na kashe da kuma tana kunne. Wannan awo na biyu dabara ce mai amfani ƙwarai. Tunda babu karan da ke bin layin da kake aunawa, babu asara a cikinsa, saboda haka abin da ka gani a wurin shi ne boltej ɗin da ke cikin akwatin rarraba wuta, ba tare da ka buɗe shi ba.

A ce a soket na biyun ka ga 228 ta sauka zuwa 225 da aka kunna buta, amma a soket ɗin esi ta sauka daga 228 zuwa 205. Ka ga bolt 3 ne kawai suka ɓata daga taransifoma har zuwa akwatinka, wanda babu laifi a ciki. Sauran 20 ɗin a cikin gidanka suka ɓata, tsakanin akwati da soket ɗin nan. Yanzu sai a tambaya, nawa ya kamata su ɓata? Masu wayarin suna da lissafi mai sauƙi. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 tana zubar da kusan milibolt 29 (milibolt dubu ne bolt ɗaya) a kan kowace amfiya a kowane mita ɗaya na tsawo, zuwa da dawowa. Mai 2.5 tana zubar da 18, mai 4 kuma 11, mai 6 tana zubar da 7.3, mai 10 kuma 4.4. In layin esinka mai 2.5 ne, tsawonsa mita 25, to 18 sau 8.7 sau 25 ya ba da milibolt 3,915, ka ce bolt 4. Lissafi ya ce 4, awo ya ce 20. Akwai bolt 16 da babu mai bayaninsu, kuma 16 sau 8.7 ya kusa wat 140 na zafi a wani lungu da ba ka gani. Ko dai akwai haɗin da ya saki, ko wayar da ke cikin bango ba ita ce wadda aka ce an sa ba.

Na taɓa zuwa wani gida da matsalarsa ta yi kama da taka sak. Sun canja kafasitar esi sau biyu, sun canja bireka. Da muka kunna hita muka riƙa bin layin, wuta na shiga canjoba da 224, tana fita da 207. Na kashe komai, na tabbatar babu wuta ta kowane ɓangare, na cire murfin. Sukurun nutural ɗin ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, jan ƙarfen ya koma baƙi kamar gawayi, robar wayar kuwa da na taɓa ta da sukundireba sai ta farfashe ta zubo kamar busasshen ganye har tsawon ɗan yatsa. Bayan akwatin, fentin bangon ya yi tabo ruwan ƙasa. Ɗakin yara ne a ɗaya gefen bangon. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Irin wannan haɗin ɗaure shi kawai ba ya wadatarwa, domin jan ƙarfen da ya ƙone ya yi ɓawon da wuta ba ta bi sosai. Sai an yanke har inda wayar ke sheƙi, an canja abin da ya ƙone gaba ɗaya.

Haɗi yana lalacewa ne a hankali, shi ya sa mutane ke sabawa da shi. Ya ɗan saki, ya ɗumama, ƙarfen ya buɗe, ya huce ya tsuke, sukurun ya ƙara saki, tsatsa ta shiga, turjiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru. In matsalarka a bara ba ta kai ta bana ba alhali ba ka ƙara kaya ba, to ka fi zargin haɗi. Wuraren da na fi samunsa su ne canjoba, bakin bireka, sandar da ake tara wayoyin nutural a cikin akwati, bayan soket ɗin da ake yawan sa kaya masu nauyi, da haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef a cikin silin. Bayan butar ta yi minti goma tana aiki, ka ɗora bayan hannunka a kan murfin roba na soket da makunni da fuskar bireka. Ɗan ɗumi ba komai ba ne. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi nesa ba kusa ba, shi za ka nuna wa mai gyara. Wanda ke da na'urar auna zafi daga nesa zai gano shi cikin daƙiƙa kaɗan.

Mai wayarin da ya san aikinsa zai ƙara da gano ko a wayar wuta asarar take ko a nutural. Da lodi a kunne, zai auna tsakanin nutural da wayar ƙasa a soket ɗin. A layi mai lafiya asarar rabuwa take biyu, rabi a tafiya rabi a dawowa, don haka bolt biyu ko uku zai gani. In ya ga 15, ya san laifin na hanyar nutural ne, ya rage rabin wahalar nema. Sai dai wannan awon yana da amfani ne in wayar ƙasan gidan tana da kyau, in ba a haɗa ta ba ko ta tsinke, lambar da za ta fito ba abin dogaro ba ce.

To in kuma babu haɗin da ya saki, awo da lissafi sun yi daidai, amma asarar ta wuce 11.5? Wannan waya ce ta yi ƙanƙanta ko ta yi tsawo. A injin jan ruwa aka fi ganin haka, tunda yawanci yana can ƙarshen fili. Injin da ke jan amfiya 8, aka kai masa wuta da waya mai 1.5 tsawon mita 60, zai rasa kusan bolt 14 yana cikin aiki. Wannan ma da sauƙi. Lokacin tashi, mota irin ta injin ruwa ko kwamfuresar esi tana fizgar ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci. Amfiya 40 a kan wannan wayar bolt 70 ne, sai 230 ta koma 160 daidai lokacin da injin ya fi bukatar ƙarfi. Ƙarfin juyawar mota kuwa yana faɗuwa fiye da yadda boltej ya faɗi: in boltej ya ragu da kashi 30, rabin ƙarfin ne ya tafi. Gurnanin da kake ji ke nan, injin na so ya juya ya kasa, yana ta shan karan yana dafa kansa. Da mai 4 aka sa, asarar aiki ba za ta wuce bolt 5 da ɗoriya ba, ta tashi kuma 26.

A nan sai na yi maganar wayar jabu, domin tana ɓata lissafi. Akwai wadda aka rubuta 2.5 a jikinta amma cikinta bai kai ba, roba aka ƙara wa kauri. Akwai kuma alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya fito a ciki to ita ce, kuma za ka ji ta fi sauƙi a hannu. Alminiyam yana turjiya kusan ninki 1.6 na jan ƙarfe mai kauri ɗaya, ga shi yana lotsewa a ƙarƙashin sukuru, haɗin ya saki da kansa. Doguwar wayar ƙari da ake naɗewa ita ma ka cire ta daga lissafi tun farko, kada esi ko injin ruwa ya zauna a kanta.

Yanzu mu juya ɗaya gefen. A ce duk soket ɗin da ka auna, har wanda babu komai a kansa, ya faɗi tare, daga 228 zuwa 210 saboda buta ɗaya. Wannan na nufin asarar na faruwa kafin wuta ta iso akwatin rarrabawa: babban makunni, canjoba, wayar da ta taso daga mita, fis ɗin kamfani, ko wayar da ta sauko daga falwaya. Ka raba bolt ɗin da suka ɓata da amfiyar butar: 18 a raba da 8.7 ya haura om 2. A gidan da ke da mashiga mai kyau, ƙasa da rabin om ake sa ran gani. Tunda ka ce maƙwabcinka lafiya yake, ka roƙe shi ka yi gwajin butar a gidansa, amma ka tabbata layinku ɗaya, domin gidaje biyu na iya jingine da juna kowanne na kan layi daban. In nasa ya faɗi da bolt 3 naka da 18, taransifoma ba ta da laifi, matsalar na kan reshen da ya shigo gidanka. Wurin da aka fi samu shi ne inda wayar alminiyam ta sama ta haɗu da jan ƙarfe. Ƙarafan nan biyu in suka haɗu da danshi, alminiyam ɗin cinyewa yake ya zama farin gari, shi ya sa ake da maɗauri na musamman don haɗa su. In wutarka na ƙifta ido lokacin iska ko bayan ruwan sama, ka ƙara zargin wannan wuri. In kana da janareta ko inbata mai isasshen ƙarfi, ka maimaita gwajin a kansa: matsalar da ta biyo ka har can tana cikin gida ne, daga canjoba zuwa ciki.

Akwai kuma yanayin da wutar tun daga waje take zuwa a raunane. Alamarsa ita ce ko ba ka kunna komai ba boltej na yawo da lokaci, da asuba 230, da magariba 190, kuma maƙwabtan da ke layinku duk haka suke gani. Wannan taransifoma ce aka yi wa lodi fiye da ƙima, ko an tara gidaje a layi ɗaya an bar sauran, ko kuna can ƙarshen dogon layi. Ka yi kwana uku kana aunawa da safe da rana da daddare, ka rubuta rana da lokaci da lamba, ka kai wa kamfanin wuta a rubuce. Takarda mai lambobi ta fi "wutarmu ba ƙarfi" tasiri a wurin injiniya, kuma sau da yawa mayar da gida kan layin da ba shi da cunkoso ya isa.

A wannan yanayi na ƙarshe ne kawai sitabilaiza ke da gurbi. Ita ba ta ƙirƙirar wuta, ƙarin karan take ja don ta ɗaga boltej. Kayan da ke cin wat 2300 suna jan amfiya 10 a kan 230. In wutar da ke shiga sitabilaizar 180 ce, sai ta ja kusan amfiya 13 kafin ta ba su abin da suke so. Zafin da haɗi ke yi kuwa yana tafiya ne da karan sau kansa, wato ƙarin amfiya ukun nan zai ƙara wa haɗin da ya saki zafi da fiye da kashi 60. Fitilunka za su daina dusashewa, kai ka ɗauka an warke, wurin da ke ƙonewa kuma ya ƙara ƙaimi, an kuma kawar da alamar da ke yi maka gargaɗi.

Kada a manta da esin kansa. Ɗan dusashewar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba lokacin da kwamfuresa ta tashi abu ne da aka saba gani, musamman a tsofaffin esi da ba na inbata ba. Amma in gwajin buta ya nuna wayarin lafiya lau, esin kuma na daɗewa yana gurnani, to kafasitarsa ta raunana ko kwamfuresar ta fara cijewa. Mita mai baki da ake maƙala wa waya ɗaya za ta nuna amfiyar da yake ja, a gwada da abin da aka rubuta a jikinsa.

Daga yadda ka kwatanta, fitilu da fanka duk suna amsawa, kaya biyu daban suna jawo abin, maƙwabci kuma lafiya, zargina ya fi karkata ga mashigar gidanka, tsakanin falwaya da akwatin rarrabawa, kuma canjoba zan fara sa a buɗe in akwai ta. Wanda zai buɗe ya tuna cewa kashe babban makunni ba ya kashe wayoyin da ke shigo masa ta sama, kuma a kashe janareta da inbata a cire su kafin a sa hannu. Ka turo min lambobi huɗun nan, soket ɗin esi ba lodi da kuma da lodi, soket na wata bireka ba lodi da kuma da lodi, tare da kaurin wayar da ta taso daga mita da kimanin tsawonta. Kafin nan kada a kunna esin da injin ruwan a lokaci ɗaya, kuma kada a bar esin a kunne a kwanta barci.